Jirgi ya wuce ta saman Bodinga amma bai fito a waya ba: yadda ake gane ko ƙaramin jirgi na sanar da inda yake daidai

Mutanen Bodinga sun saba da ƙarar jirgi. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana kan hanyarsu ta shiga Sakkwato, kuma lokacin jigilar alhazai manyan jirage kan yi ƙasa-ƙasa ta yankinsu kafin su sauka. Matashin da ke da manhajar Flightradar24 a wayarsa yakan ga jirgin a taswira, da sunansa da inda ya fito, tun kafin ƙararsa ta iso. Amma ran da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ya wuce, irin na koyon tuƙi ko na feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, sau da yawa ido na ganinsa amma taswira wayam.

Ko dai manhajar ce ba ta jiyo shi ba, ko kuwa jirgin ne bai yi magana ba. Na farko ba matsala ba ce. Na biyu yana iya cin rayuka.

Na'urar da ke amsa kira

A gaban matuƙi akwai wata ƴar akwati da ake kira taransifonda. Aikinta na asali shi ne amsa tambaya. Radar da ke ƙasa tana aika tambaya a kan mita 1030 megahaz, ita kuma ta amsa a kan 1090. Tsohon tsarinta, Mode A, lamba huɗu kawai yake faɗa, wadda mai kula da zirga-zirgar jirage ya ba matuƙi. Kowane gurbi daga 0 zuwa 7 yake tsayawa, shi ya sa jimillar lambobin 4,096 ne. Uku daga ciki an keɓe su a duk duniya: 7500 an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ta mutu, 7700 ana cikin halin gaggawa. Mode C ya ƙara faɗin tsayin da jirgi yake. Mode S kuma ya ba kowane jirgi adireshinsa na dindindin.

Duk cikin ukun nan babu wanda ke faɗin wurin da jirgi yake. Rada ce ke lissafa wurin da kanta, ta hanyar duba inda eriyarta ta fuskanta da tsawon lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo.

Tsarin ADS-B ne ya sauya wannan. Jirgi yana karɓar matsayinsa daga GPS, sai ya riƙa shelanta shi ba tare da kowa ya tambaye shi ba, kimanin sau biyu a kowane sakan. Gudunsa ma haka. Sunan tafiyarsa kuma kimanin duk bayan sakan biyar. Saƙon bit 112 ne kacal, ba a rufe shi da kowane mabuɗi ba, duk wanda ke da eriya zai iya kama shi. A kan wannan Flightradar24 da FlightAware suka gina kasuwancinsu: dubban mutane ne a gidajensu suka kafa ƙananan na'urorin karɓa suna tura abin da suka jiyo ta intanet.

Amurka ta wajabta ADS-B a mafi yawan sararin samaniyarta mai cunkoso daga 1 ga Janairun 2020. Turai ta wajabta shi daga Disambar 2020, amma ga jiragen da nauyinsu ya haura kilo 5,700 ko masu gudu sosai. Ke nan ko a Turai ƙaramin jirgi mai kujera huɗu yana iya yawo da Mode S zalla ba tare da ya karya doka ba. Wannan shi ne dalili na farko da ƙaramin jirgi ke iya ɓacewa daga waya alhali lafiyarsa lau.

Me ya sa ake damuwa da ita haka

Manyan jirage suna ɗauke da wata na'ura mai suna TCAS da ke gargaɗin matuƙi idan wani jirgi ya matso. Ita ba ta da ido. Tambayar taransifondar sauran jirage take yi, kamar yadda rada ke yi. Jirgin da tasa ke kashe, a wurinta babu shi.

Ranar 29 ga Satumbar 2006, wani Boeing 737 na kamfanin Gol ya yi karo da ƙaramin jirgin alfarma ƙirar Embraer Legacy a saman dajin Amazon na ƙasar Birazil, a tsayin ƙafa 37,000. Bincike ya nuna taransifondar Legacy ta daina aiki kusan awa guda kafin karon, matuƙansa ba su lura ba, kuma TCAS ɗin jiragen biyu bai yi ko tari ba. Mutum 154 da ke cikin Boeing ɗin duk sun rasu. Legacy ya samu ya sauka da mutum bakwai da ke cikinsa.

A yankin Sakkwato akwai abu biyu da ke ƙara wa lamarin nauyi. Na farko hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ƙura ke rufe sama har a soke tashin jirage, kuma ƙaramin jirgi da ya dogara da idon matuƙi wajen kauce wa wasu ya rasa babban makaminsa. Na biyu nisa da rada. Aikin TRACON da aka ƙaddamar a 2010 ya kafa rada a wurare tara a Najeriya, kuma wadda ta fi kusa da Sakkwato ita ce ta Talatar Mafara, kimanin kilomita 100 daga filin jirgin. Ita irin radar nan ce mai dogaro da amsar taransifonda kaɗai. Sannan siginar 1090 ba ta lanƙwasa, miƙe take tafiya, duniya kuwa a kewaye take. Jirgin da ke ƙafa 35,000 ana iya jiyo shi daga nisan kilomita 400. Wanda ke ƙafa 3,000 sama da ƙasa, kimanin 125. Wanda ke ƙafa 1,000, kimanin 70 ne. Jirgin feshi da ke shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin Bodinga da Shagari yana bakin iyakar abin da waccan rada za ta hango, ko ma ƙasa da ita.

Wannan lissafin ya shafi Flightradar24 ma. Idan babu wani mai na'urar karɓa a kusa, manhajar za ta nuna jirgin da ke wucewa can ƙololuwa saboda wani a nesa ya jiyo shi, amma ba za ta nuna wanda ke saman kai ba.

Gwajin da waya kaɗai za ta iya

Abu na farko da za a duba a manhaja shi ne daga ina bayanin jirgin ya fito. Flightradar24 tana nuna wannan a cikin bayanan jirgi. Idan an rubuta ADS-B, jirgin ne ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Idan an rubuta MLAT, bai faɗa ba: na'urorin karɓa da yawa ne, galibi huɗu ko fiye, suka jiyo amsar Mode S ɗinsa, aka kwatanta bambancin lokacin isowarta aka ƙiyasta wurin. Mai jirgin da ya kashe kuɗi ya saka ADS-B amma ya ga MLAT a gaban jirginsa, to akwai abin da bai haɗu ba. Akwai kuma lokacin da manhajar ke ci gaba da zana jirgi bisa hasashe bayan sigina ta ɗauke, wannan ba hujjar komai ba ce.

A sani kuma Flightradar24 tana ɓoye wasu jirage idan masu su sun nema. Shafin ADS-B Exchange ba ya tacewa haka, kuma yana nuna alkaluman ingancin da za a yi bayaninsu a ƙasa. Don aikin gwaji ya fi amfani nesa ba kusa ba. Amma shi ma sai da mai karɓa a yankin.

Gina kunnen kai

Hanyar da ta fi tabbas ita ce mutum ya jiyo jirgin da kansa. Abin da ake buƙata wata ƴar na'ura ce mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR. Asalinta an ƙera ta ne don kallon talabijin a kwamfuta, sai masu binciken na'urori suka gano cewa guntun RTL2832U da ke cikinta na iya sauraron mitoci masu yawa, har da 1090. A 2012 wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya fitar da dump1090 kyauta, manhajar da ke fassara saƙonnin jirage. Yawancin abin da ake amfani da shi yau, kamar readsb da taswirar tar1090, daga wannan layin suka fito. Suna aiki a kan laftof ko Raspberry Pi. Akwai kuma manhajojin Android da ke karɓar na'urar ta igiyar OTG, sai dai tana shan batir kuma tana zafi, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu. A ajiye ta a inuwa.

Eriya ba sai an saya ba. Tsawon zangon sigina ta 1090 santimita 27.5 ne, rubu'insa 6.9. Wayar tagulla ɗaya a tsaye mai wannan tsawon, da wasu huɗu a ƙasanta sun buɗe kamar ƙafafun gizo-gizo, ta wadatar. Abin da ya fi tsadar eriya muhimmanci shi ne tsayinta da gajartar igiyarta. A saman rufi, inda babu bango ko tankin ruwa da ya tare ta.

Kafin a zargi kowane jirgi, sai an gwada kunnen tukuna. Idan na'urar na jiyo manyan jirage daga nisan kilomita 200 ko fiye, tana lafiya. Idan ba ta jin komai, matsalar a ƙasa take.

Akwai wani tarko a nan da masu rubuta manhaja za su ji daɗinsa. Don a rage girman saƙo, jirgi ba ya aiko cikakken matsayinsa a saƙo ɗaya. Yana aiko iri biyu a jere, kowanne da bit 17 na layin arewa-kudu da 17 na gabas-yamma, kuma sai an haɗa biyun cikin kimanin sakan goma ake samun wurin da babu kokwanto a farkon kamawa. Idan sigina ta yi rauni har ana rasa saƙonni, jirgi zai bayyana a jeri da adireshinsa da tsayinsa amma babu wuri a taswira. Wanda bai sani ba sai ya ce GPS ɗin jirgin ya mutu, alhali eriyarsa ce ke bayan bishiyar darbejiya.

Abubuwan da ake dubawa

Adireshi ne farko. Bit 24 ne, ana rubuta shi da alamomi shida na tsarin lissafi mai tushe 16. Hukumar ICAO ta raba wa ƙasashe rukuni-rukuni. Na Najeriya daga 064000 ne zuwa 064FFF, na Nijar daga 062000 zuwa 062FFF. Jirgin da aka rubuta 5N a jikinsa, wato rajistar Najeriya, dole adireshinsa ya fara da 064. Idan ya fara da A, wato rukunin Amurka, mai yiwuwa an sayo jirgin ko na'urar na hannu daga can ba a sauya adireshin ba. Kuskure ne da ake samu a ko'ina a duniya, kuma ba na wasa ba ne, don jirage biyu masu adireshi ɗaya na iya rikita kwamfutar masu kula da sama. Ana kuma samun wanda ya shigar da lambar ta tsarin tushe 8 a gurbin ta tushe 16.

Sai sunan tafiya. Dole ya zama daidai da abin da aka rubuta a takardar shirin tafiya, harafi da harafi. Ga ƙananan jirage yawanci lambar rajistar ce ba tare da karan tsakiya ba.

Na uku shi ne wurin kansa. Gwaji mafi sauƙi a nan shi ne lokacin da jirgi ke ajiye a fili inda eriyar GPS ɗinsa ke ganin sama. Alamar da ke taswira ta tsaya a inda yake, ba ta yawo. Bayan ya tashi kuma, layin tafiyarsa ya zama santsi, babu tsalle-tsalle, babu dogayen giɓi lokacin da yake kusa. Idan yana ɓacewa duk lokacin da ya karkata zuwa wani ɓangare, jikinsa ne ke tare eriyar da ke ƙarƙashin cikinsa, kuma ɗan hakan ba laifi. Idan ya yi yawa, a duba eriyar. A jirage masu farfela man inji da hayaƙi kan taru a kanta, ƙura ta manne, ko mahaɗin igiyarta ya yi tsatsa.

Tsayi shi ne inda aka fi samun ruɗani. Taransifonda ba ta faɗin tsayi na haƙiƙa. Tana auna matsin iska ne ta mayar da shi ƙafa bisa ma'auni ɗaya da duk duniya ta amince da shi, 1013.25 hektofaskal, komai yanayin ranar. Filin jirgin Sakkwato yana kimanin ƙafa 1,000 sama da teku. A ce wata rana matsin da hasumiya ta bayar 1007 ne. Bambancin 6 ne, kowane ɗaya kuma kusan ƙafa 28, ke nan fuskar na'urar za ta nuna kusan 1,170 alhali jirgin na ajiye. Ba ta lalace ba. Gwajin da ya dace shi ne matuƙi ya juya ma'aunin tsayinsa zuwa 1013 na ɗan lokaci ya kwatanta da abin da taransifonda ke nunawa. A dokar Amurka bambancin kada ya wuce ƙafa 125. A sama kuwa, ƙa'idar ICAO ta ce idan abin da mai kula da sama ke gani ya saɓa da abin da matuƙi ya faɗa da fiye da ƙafa 300 a ƙananan tsayi, ba za a dogara da shi ba.

ADS-B yana aiko da tsayi na biyu daga GPS. Biyun ba sa zama ɗaya, kuma a ƙasa mai zafi tazararsu na iya kai ɗaruruwan ƙafa, don iska mai zafi buɗewa take. Abin tsoro shi ne ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, ko na matsin iska ya daskare a lamba ɗaya alhali jirgin na hawa.

Gudu ma haka. Abin da ke zuwa waya gudu ne a kan ƙasa, ba wanda matuƙi ke gani a gabansa ba. Jirgin da ya nufi gabas lokacin hunturu yana fuskantar iska, dole lambar ta ragu.

Sai matsayin sama ko ƙasa. Jirgi na aiko saƙo daban idan yana kan taya, kuma wannan saƙon ba ya ɗauke da tsayi. Manyan jirage na da makunni a ƙafarsu da ke sanar da na'ura an taɓa ƙasa. Ƙanana da yawa da gudu suke ganewa. Idan an saita ba daidai ba, jirgi zai yi ta yawo a sama yana cewa a ƙasa yake.

Lambobin da manhajar kyauta ba ta damu da su ba

A nan ne gizo ke saƙa. Tare da matsayinsa, jirgi na faɗin yadda ya yarda da abin da ya faɗa. NACp na nuna girman kuskuren da ake tsammani: 8 na nufin ƙasa da mita 93, 9 ƙasa da mita 30, 10 ƙasa da mita 10. NIC na nuna faɗin da'irar da na'urar ta tabbatar jirgin bai fita daga cikinta ba: 7 na nufin mita 370, 8 mita 185. SIL kuma na nuna yiwuwar a ce jirgin ya fita daga da'irar ba tare da na'urar ta yi gargaɗi ba, daga 0 zuwa 3. Amurka na neman NACp aƙalla 8, NIC aƙalla 7, SIL 3.

Jirgi na iya fitowa tsaf a Flightradar24, a daidai wurinsa, amma NIC ko SIL ɗinsa sifili ne. Hakan na faruwa idan an jona taransifonda da GPS ɗin da ba a tantance shi don wannan aikin ba, ko an manta wani saiti. Manhajar waya za ta zana shi, amma na'urorin masu kula da sama na iya watsi da matsayin nan kacokan. Shi ya sa ganin jirgi a waya bai isa hujjar cewa komai daidai ba.

Idan kuwa jirage da yawa a yanki ɗaya suka zubar da waɗannan lambobi lokaci guda, ba laifin jirgi ɗaya ba ne, wani ne ke toshe siginar GPS. Shafin gpsjam.org da irin waɗannan alkaluman yake zana taswirar wuraren da ake toshewa, kuma a ƴan shekarun nan Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai ne suka fi yin ja.

Inda iyakar mai waya take

Duk abin da aka faɗa a sama ganowa ne, ba tantancewa ba. A Amurka mai jirgi na iya neman rahoto kyauta daga hukumar FAA bayan ya sauka, ta aiko masa da duk inda na'urarsa ta gaza, kuma doka ta ce a gwada taransifonda duk wata 24. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da lafiyar jirage, NAMA kuma ke kula da sararin sama, kuma injiniya mai lasisi ne kaɗai ke da ikon taɓa saitin na'urar ya sa hannu. Kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 kuma ke koyar da tuƙi da ƙananan jirage irin su Diamond DA40, tana horar da irin waɗannan injiniyoyi. Suna aiki da akwatin gwaji kamar IFR 6000, mai kwaikwayon rada ya auna ƙarfin amsa da daidaiton mitarta, abin da RTL-SDR ba za ta iya ba. Ko su sai sun yi hattara: idan ana gwajin tsayi a ƙasa aka sa na'urar ta ɗauka tana ƙafa 10,000 ba a rufe eriyarta ba, jirgin da ke wucewa a sama zai iya samun gargaɗin karo da jirgin da babu shi. Shi ya sa ake sanar da hasumiya kafin a fara.

Matuƙi kansa yana da gwaji mafi arha: ya tabbatar makunnin na kan ALT ba STBY ba, ya ga alamar amsa na ƙiftawa, sannan ya tambayi mai kula da sama mai rada a gabansa tsayin da yake gani.

Ga mai sha'awa a Bodinga ko Shagari, RTL-SDR saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Amma aika sigina a kan 1030 ko 1090 da wata na'ura wasa ne da rayukan mutane. Tsayawa a jikin shingen filin jirgi da eriya da laftof neman fitina ne, musamman a halin tsaron da ake ciki, kuma ba a buƙatarsa tun da rufin gida ya wadatar. Idan jirgin soja ya faɗo a jeri, ba abin ɗauka a watsa a Facebook ba ne.

Wanda ya kafa na'urarsa ta zauna, da ɗan faifan sola da batir da intanet mara yankewa, zai iya tura bayanansa ga Flightradar24 ko FlightAware. Dukansu suna ba masu tura musu bayanai asusu na musamman kyauta. Don MLAT ya yi aiki a yankin kuwa, sai an samu aƙalla huɗu a warwatse, misali a Bodinga, Shagari, cikin Sakkwato da Wamakko, kuma kowannensu ya shigar da ainihin wurin da eriyarsa take da tsayinta daidai, don kuskure kaɗan a nan kan karkatar da lissafin sauran.